Biyan Kuɗin Wuta A Ingila: Abin Da Ya Kamata Baƙo Ya Sani

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya kama hayar gida a Ingila yakan tarar da wuta tana ci tun ran da ya shiga, sai ya ɗauka babu sauran aiki a gabansa. To, daga nan asara take somawa.

Abin da ya wajaba a ranar farko shi ne ya duba mita, ya rubuta lambar da ta nuna, ya sanar da kamfanin da ke ba gidan wuta. In bai yi haka ba, ana iya lissafa masa wutar da wanda ya tashi ya sha.

Wajen biya kuwa, wasu banki ke cirar musu kuɗin kowane wata, wasu sai takarda ta zo. Wasu kuma mitarsu ta biya-kafin-ka-sha ce, wadda ake zuba wa kuɗi a kanti ko gidan waya. In kuɗin ya ƙare, wuta ta ɗauke, ko da tsakiyar hunturu ne. Ban da wannan akwai kuɗin da ake caji kullum, ko an kunna fitila ko ba a kunna ba.

Tun 2019 hukumar Ofgem take ƙayyade iyakar farashi, amma ba iyakar abin da mutum zai biya ba ne: wanda ya sha da yawa, ya biya da yawa. Da farashi ya yi tashin gwauron zabo a 2022, sai da gwamnati ta rage wa kowane gida fam 400.

Saboda haka mai niyyar kama gida ya tambaya tun kafin ya sa hannu, ko kuɗin wuta yana cikin na haya. Matambayi ba ya ɓata.