Wayar Ofis: Tsarin Ruwa Biyu Ko Na Intanet Zalla?

Duk sana'ar da ta fara bunƙasa, ko kamfanin sayen hatsi ne, ko asibiti, ko masaukin baƙi, akwai ranar da wayar hannun maigida kaɗai ba za ta ishe ta ba. Mai ciniki ya bugo ya ji ana magana. Ya sake bugowa, maigida ya fita da wayar a aljihu. Shi ke nan, sai ciniki ya koma wani wuri. Don haka ne ma'aikatu ke kafa wayar ofis mai lamba ɗaya, wadda ke raba kira ga ma'aikata da yawa. A yau iri biyu ne aka fi tallatawa. Akwai tsarin ruwa biyu, akwai kuma na intanet zalla. Za mu bayyana kowanne, don kada mai karatu ya sayi abin da ba zai yi masa aiki a garinsa ba.

Akwatin raba kira

Ginshiƙin wayar ofis shi ne akwatin raba kira, wanda masu sayarwa ke kira PBX. Aikinsa kamar na mai gadin ƙofa ne. In kira ya shigo, shi ke miƙa shi ga akawu, ko mai kula da sito, ko manaja. Kowane tebur yana da 'yar gajeriyar lambarsa. Ma'aikata kuma suna iya kiran junansu a cikin gida ba tare da an biya ko kwabo ba. A da, mutum ne ke zaune yana sarƙa wayoyi da hannu. Daga baya na'ura ta karɓi aikin.

Tsarin ruwa biyu

An kira shi ruwa biyu ne saboda yana jin yaren tsohuwar waya, yana kuma jin na intanet. Akwati ne da a ke kafawa a bangon ofis. Daga jikinsa a ke jan siraran wayoyin tagulla zuwa kowane ɗaki. Yana karɓar kan waya na gargajiya, da na dijital, wato mai mai da murya lambobi, da kuma wanda ke aiki da intanet. Ta ɓangaren waje ma haka ne. Ana iya haɗa shi da layin tarho, ko babban layin nan E1 mai ɗaukar kira 30 a lokaci guda, ko layin intanet.

A Nijeriya layin tarho na girke bai taɓa wadatuwa ba. Kafin zuwan wayar salula a 2001, layukan ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba, kuma yawancinsu a manyan birane su ke. Saboda haka masu wannan akwati da yawa kan haɗa shi da wata 'yar na'ura mai cin katin sim, kiran waje ya riƙa bi ta layin salula.

Babban amfaninsa shi ne ba ya dogara da hanya ɗaya. In intanet ta ɗauke, kiran cikin gida yana nan, kiran waje kuma ya bi ta ɗaya layin. Kawunan wayar daga akwatin su ke shan wuta, saboda haka batir ɗaya mai kyau ya isa ya riƙe ofis duka. Aibinsa kuwa, sai an zuba kuɗi mai kauri tun farko. Kowane akwati yana da iyakar ramukan da ya ke da su. In ma'aikata sun ƙaru, sai an sayi ƙarin kati an kira makaniki. Kan waya na dijital kuma galibi ba ya aiki sai da akwatin kamfanin da ya ƙera shi.

Tsarin intanet zalla

A nan babu tsohon layi ko ɗaya. Ana yanyanka murya ƙanana ƙanana, a aika ta hanyar da saƙon kwamfuta ke bi, a sake harhaɗa ta a kunnen mai sauraro. Wanda ya taɓa kiran ɗan'uwansa ta WhatsApp ya riga ya ɗanɗana wannan fasaha. Masu sayarwa suna kiran ta VoIP.

Shi ma kashi biyu ne. Wasu kan ajiye kwamfutar raba kira a ofishinsu. Akwai ma manhajar kyauta ta wannan aiki mai suna Asterisk, wadda wani Ba'amurke, Mark Spencer, ya fito da ita a 1999. Wasu kuwa ba sa ajiye komai. Akwatin yana can a hannun wani kamfani mai nisa, su dai su biya kuɗin haya duk wata gwargwadon yawan ma'aikata.

Daɗinsa shi ne sauƙi. Ɗan kasuwar da ofishinsa ke Dawanau, yana da wakili a Maigatari da wani a Illela, zai iya sa su duka a ƙarƙashin lamba ɗaya. Wayar hannun kowane wakili sai ta zama kamar kan wayar teburin ofis. In an ɗauki sabon ma'aikaci, cikin 'yan mintoci a ke buɗe masa lamba. Ana kuma iya ganin lissafin kiran da aka amsa da wanda aka rasa.

Wuta da intanet su ne alƙalai

Hausawa sun ce, iya ruwa fid da kai. Kafin a saurari daɗin bakin mai talla, a fara duba abu biyu. Na farko ƙarfin intanet. Kira ɗaya mai tsabtar murya yana cin kusan kilobit 100 a daƙiƙa, zuwa da dawowa kowanne. Ke nan kira 10 a lokaci guda suna bukatar wajen megabit ɗaya. Wannan ba shi da yawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne layin ya tsaya daram. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce kashi 150 cikin 1,000 na daƙiƙa. In ya zarce haka sosai, sai masu magana su riƙa katse juna. In kuma gutsattsarin murya suna ɓacewa a hanya, sai a ji magana tana yankewa.

Yankewar intanet ba tatsuniya ba ce. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan igiyoyin intanet guda 4 da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Nijeriya da Gana da Kwaddibuwa da wasu ƙasashe suka shiga matsala, har aikin bankuna ya tabu. Ofishin da akwatinsa ke hannun kamfani mai nisa, in irin wannan ta faru, ko tebur na kusa ba zai iya kira ba. Mafita ita ce a sa kamfanin ya karkata kira zuwa wayar hannu da zarar layi ya faɗi.

Na biyu wutar lantarki. Tsohon tarho daga ofishin waya ya ke samun wutarsa, shi ya sa ya ke aiki ko an ɗauke wuta. Na intanet ba haka ya ke ba. Na'urar kawo intanet, da mai rarraba ta, da kawunan waya, duk suna son wuta. Wanda ba shi da batir ko sola ko janareta, wayarsa za ta mutu tare da fitila.

Hattara da ɓarayi

Duk akwatin da aka jona da intanet, ko wane iri ne, ɓarayi na iya lalubo shi daga wata ƙasa. In suka dace da lambar sirri mai sauƙi, sai su kwana suna buga kiran ƙasashen waje, mai ofis ya wayi gari da bashi. A sauya lambar sirrin da na'ura ta zo da ita. A toshe kiran ƙetare in ba a bukatarsa. A kuma yi hulɗa da kamfanin da ke da lasisin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC.

Ina duniya ta dosa?

Gaskiya intanet duniya ta fuskanta. A Birtaniya, kamfanin BT ya tsai da watan Janairu na 2027 don rufe tsohon layin tarho, bayan ya ɗaga daga ƙarshen 2025. Kamfanin Panasonic, wanda akwatunansa suka cika ofisoshi da yawa, ya sanar a 2020 cewa zai daina wannan sana'a. Ma'anar haka ita ce kayan gyaran wasu tsofaffin akwatuna za su riƙa wuya. Mai sayen na ruwa biyu ya tambayi shekarar da aka ƙera shi, da kuma inda za a sami kayan gyaransa.

To, wanne za ka ɗauka?

In ma'aikatanka a gini ɗaya su ke, kamar asibiti ko masauki, an riga an ja wayoyi a bango, intanet ɗin garinku kuma tana zuwa tana ɗaukewa, tsarin ruwa biyu ya fi maka kwanciyar hankali. Majinyaci ba zai jira intanet ta dawo kafin a kira likita ba. In kuwa sabon ofis ne, ma'aikata a warwatse su ke, kana da intanet mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa, na intanet zalla zai fi maka sauƙi. Amma ka tanadi layi na biyu daga wani kamfani dabam.

Kafin ka biya, ka lissafa kuɗin shekara 5, ba na ranar saye kaɗai ba. A ɗaya ka haɗa kuɗin akwati da na makaniki. A ɗayan ka haɗa hayar wata 60 da kuɗin data. Sa'an nan ka nemi a ba ka gwaji na mako guda. A cikin makon, ka kashe wuta da gangan, ka cire intanet, ka sa wani ya bugo daga waje. Abin da ka ji a wannan lokaci shi zai gaya maka tsarin da ya dace da kai.