Kada Garin Gyaran Gira A Rasa Ido

Kwalliya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin hoda da jan-baki su cika kasuwa, kakanninmu sun san kwalli da lalle da katambiri. Amma budurwa mai tasowa a yau, wadda takan tarar da kayan shafe-shafe birjik a kanti, tana bukatar a faɗa mata tun da wuri cewa tsabta ce gaba da ado, domin abin da aka shafa don gyara fuska, in aka yi sakaci, shi ne zai ɓata ta.

Mai koyo ba ta bukatar akwati guda na kaya. Hoda mai dacewa da launin fatarta, da jan-baki, da jagira sun isa. Kafin ta taɓa fuska, sai ta wanke hannu da sabulu, ta wanke fuskar ta tsane da tawul mai tsabta, sa'an nan ta shafa mai marar nauyi, ta ƙara shi a lokacin hunturu, ta rage shi da bazara. Duk sabon abin da ta saya, ta ɗan shafa a damtsenta tukuna, ta jira kwana 2. In ya kawo ƙaiƙayi ko ƙuraje, to, ba nata ba ne. Da dare kuwa, kome gajiya, kada ta kwanta da kwalliya, gama hoda da gumi sukan toshe ƙofofin fata.

Inda haɗari ya fi yawa shi ne ido. Ranar biki sai ka ga 'yan mata goma sun kewaye madubi ɗaya, tsinken kwalli ɗaya yana yawo daga wannan ido zuwa wancan. Ta irin wannan hanya ciwon idon da ake kira afolo yake saurin yaɗuwa, watau ciwon nan da ya ɓulla a Gana a 1969, shekarar da kumbon Afolo ya kai mutum duniyar wata. Saboda haka kayan ido da na leɓe ba a aronsu, ko da tsakanin ya da ƙanwa. Maskara in ta yi wata 3 da buɗewa a jefar da ita, kuma in ta bushe kada a jiƙa ta da ruwa, balle da yawu. Soson hoda da buroshi kuwa a wanke su da sabulu kowane mako, a bari su bushe sarai.

Sai maganar kwallin gargajiya, wadda ba kowa zai so jinta ba. Yawancin dutsen da ake niƙawa a yi shi cike yake da dalma. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan iyaye 'yan Nijeriya a birnin Boston, wanda aka sami dalma da yawa a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, ita kuwa dalma tana dakushe ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama da wuri ba. Don haka a nisanta irin wannan kwalli daga jarirai da masu juna biyu.

Bugu da ƙari, a guji man bilicin, domin wasunsu suna ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Haka nan baƙin lallen da yake kamawa nan take, sau da yawa rinin gashi aka zuba masa, yakan kuwa sa fata ta yi bororo. Mai saye ta duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar kaya, ta kuma tuna cewa araha ba ta ado.

'Yan'uwa mata, hoda takan ƙare a sayo wata, amma ido da fata ba a sayar da su a kasuwa. A yi ado, amma kada garin gyaran gira a rasa ido.