Takardar da Janar Eisenhower bai aika ba

Ranar 5 ga Yuni 1944, bayan ya ba da umarnin a ƙetara teku a afka wa gaɓar Normandy ta Faransa, Janar Dwight Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawance a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ɗauki fensir ya rubuta 'yan layuka a guntuwar takarda, ya ninke, ya cusa a walat ɗinsa. Sanarwa ce ya tanada ko da farmakin zai ci tura. A ciki ya wanke sojojinsa, ya ce in da laifi, nasa ne shi kaɗai.

Wanda ya ƙura wa takardar ido zai ga gyara. Da farko ya rubuta cewa an janye dakaru, irin maganar ofis da ba a sanin mai ita. Sai ya ja layi ya soke, ya mayar da ita cewa shi ne ya janye su. Ya kuma sa kwanan wata 5 ga Yuli maimakon Yuni. Mutumin da ke shirin tura soja kusan 156,000 bakin wuta, ai ba a yi masa dariya don ya manta wata.

Wasiƙun babban kwamanda hawa-hawa ne. Akwai saƙon ƙarfafa gwiwa da aka buga aka raba wa dakaru, mai cike da alkawarin nasara. Akwai waɗanda yake aika wa maigidansa Janar George Marshall a Washington, inda yake faɗin ra'ayinsa kan hafsoshi ba ɓoye-ɓoye. A irinsu ne, cikin Afrilu 1945, ya bayyana gawarwakin da ya gani a sansanin fursunoni na 'yan Nazi da ke Ohrdruf a Jamus, ya ce da gangan ya je don ya zama shaida in wata rana aka ƙaryata.

Sai na matarsa Mamie, guda 319, waɗanda ɗansu John ya wallafa a 1978. Sirrin yaƙi ba ya shiga nan. Gajiya ce da kewa da kaɗaici. A ganina, a daraja duk sun biyo bayan waccan guntuwar, domin ita ya rubuta bai san yadda gobe za ta kaya ba.

Farmakin ya yi nasara, takardar ta yi kwantai a walat. Makonni bayan haka ya ci karo da ita, hadiminsa Harry Butcher ya karɓa ya adana. Yau tana ɗakin ajiye tarihinsa da ke Abilene, a jihar Kansas ta Amurka.