Ko Kun Sani? Gubar da Ta Ƙi Barin Biyetnam

Tsakanin 1961 da 1971, a lokacin yaƙin Biyetnam, sojojin Amurka sun fesa sama da lita miliyan 70 na maganin kashe ciyayi a dazuzzuka da gonakin Biyetnam, don hana mayaƙa maɓoya. Mafi shahara shi ne Agent Orange, mai ɗauke da gubar dayoksin. Gubar nan takan kwanta a laka, ta shiga kifi, daga nan ta kai har nonon uwa. Yaƙi ya ƙare tun 1975, amma abin tausayi, iyalai na ci gaba da jinyar masu ciwon daji da yara masu nakasa. Tsabtace filin jirgin Da Nang kaɗai daga wannan guba ya lashe kimanin dala miliyan 110, kuma sai a 2018 aka kammala.