AMSAR WASIƘA: A DUBI KAI DA WUTSIYAR KALMA KAFIN A YI FESHI

Wani mai sauraronmu daga Gwadangaji ya rubuto cewa ya sayo magani a kasuwar Birnin Kebbi don ƙwarin da suka addabi shinkafarsa a fadama, ya fesa, bayan 'yan kwanaki shinkafar ta ƙone ƙurmus. Ya ce Turancin jikin kwalbar ya fi ƙarfin ɗansa ɗan firamare.

To Malam, Allah ya mayar da alheri. Dogayen kalmomin nan, yawancinsu Turanci aro su ya yi daga Latin, harshen Rumawan dā, kuma guntu-guntu aka haɗa su. Mu ma haka muke yi: daga noma a sami manomi, daga rini a sami marina. A kwalejin horon malamai ana kiran abin da aka liƙa a gaba ɗafa-goshi, na baya kuma ɗafa-ƙeya.

Ka ce wa yaron ya karanta gaɓa-gaɓa, yana tafi: her-bi-cide, gaɓa 3, in-sec-ti-cide, gaɓa 4. Wutsiyarsu ɗaya ce, cide, ana faɗinta "sayid", ma'anarta mai kashewa. Saura a ga me ake kashewa, shi kuwa a kan kalmar yake. Herba ciyawa ce a Latin, saboda haka herbicide maganin ciyawa ne. Insecticide shi ne na ƙwari, shi kake nema. Ina kyautata zaton na farkon ka sayo, ka ga ita ma shinkafa dangin ciyawa ce.

Ba a nan ya tsaya ba. Ko maganin ciyawar ne, a dubi goshi. Pre na nufin kafin, post na nufin bayan. In an ga pre-emergence, ana fesa shi ne kafin ciyawa ta tsiro; post-emergence sai ta fito. Wanda ya fi haɗari shi ne non-selective. Selective mai zaɓe ne, non kuwa korewa ce, wato ba ya zaɓe. Irin su glyphosate ke nan, ba ruwansu da wace ce shinkafa wace ce ciyawa. Na share gona ne kafin shuka.

Ku kuma 'yan kasuwa masu sayar da magani a Argungu da Birnin Kebbi, don Allah ku daina ɗura shi a gorar da ba rubutu. Malam, in ka sake sayowa, kai wa malamin gona kwalbar ya duba kafin ka zuba a famfon feshi.