Babur Mai Caji: Hattara Uwargida

Uwargida, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, wasu magidanta suka koma ga babur mai aiki da lantarki. In maigida ya sayo, caji a tsakar gidanki za a riƙa yi, da wutar KEDCO ko ta sola. Kada a jona shi a ɗakin yara, ko kusa da murhu da buhunan masara, domin batir in ya yi zafi yana kamawa da wuta. Wuraren caji na hanya, irin wanda aka buɗe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, a 2021, ba su yawaita ba. In zai tashi daga Ƙafur zuwa Funtuwa, tuna masa ya cika batir tun daga gida. Allah ya tsare.