Shigar da Ƙaramin Jirgin Cikin Gari a Wasan OpenTTD: Darasi ga Malaman Labarin Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda ake ƙara layin ƙaramin jirgin cikin gari a wasan kwamfuta mai kwaikwayon harkar jiragen ƙasa, da kuma abin da ɗalibi zai koya daga yin hakan. Mun lura a azuzuwanmu cewa ɗalibai da yawa suna ɗaukar layin dogo a matsayin zare kawai da aka ja tsakanin gari da gari a kan taswira. Ba su tambayar yadda fasinja zai taso daga ƙofar gidansa ya isa tasha. Malamin da ya fita kwaleji da wannan gurguwar fahimta kuwa, ita zai shuka a zukatan yara.

2.0 Asalin Wasan

Wasan da muka zaɓa shi ne OpenTTD. Tushensa wani wasa ne mai suna Transport Tycoon, wanda Chris Sawyer ya fitar a 1994, ya kuma faɗaɗa shi a 1995. A 2004 Ludvig Strigeus ya fito da OpenTTD, wanda kyauta ake samunsa, kowa kuma yana iya yi masa gyara. Mai wasa yakan kafa kamfanin sufuri, ya shimfiɗa dogo, ya gina tashoshi, ya sayi jirage, sannan ya ci riba ko ya karye. Taswirar wasan a rarrabe take gida-gida, kamar gidajen dara.

3.0 Matsalar Babbar Tasha

Kowace tasha tana da iyakar da take jawo fasinja daga cikinta. Tashar babban jirgi tana ɗiba ne daga gidaje 4 na kewayenta. Tsakiyar gari kuwa cike take da gine-gine, idan mai wasa ya matsa da rushe-rushe, sai hukumar garin ta hana shi gini. Saboda haka yawanci a bayan gari yake kafa tasharsa, inda jama'a ba su da yawa. Sai ka ga jirgi mai tarago goma ya tashi kusan wayam, alhali ga mutane maƙil a cikin gari. Wannan giɓi shi ƙaramin jirgi yake cikewa.

4.0 Matakan Shigar da Layin

Tun 2008 wasan yake ɗauke da layin ƙaramin jirgi irin mai bin titi. Amma jiragen kansu ba su zo da shi ba. Matakin farko shi ne a sauko da su daga cikin ƙarin kayan wasan da ake kira NewGRF, a kuma kunna su kafin a buɗe sabuwar taswira.

Mataki na biyu shi ne shimfiɗa layin a kan titunan da garin yake da su, watau ba sai an rushe gidan kowa ba. Zangon ƙaramin jirgi yana jawo fasinja daga gidaje 3 na kewayensa. Don haka idan aka cusa zanguna kusa da juna, fasinja ɗaya za su riƙa rabawa, tafiya kuma ta yi nawa. Idan aka nisanta su ainun, wasu unguwanni su tashi a tutar babu.

Mataki na uku, wanda shi ne ƙashin bayan aikin, shi ne haɗe zango na ƙarshe da babbar tasha su zama tasha guda mai suna ɗaya. Daga nan sai a ba ƙaramin jirgi umurnin ya sauke fasinja don su canja jirgi, kada kuma ya ɗauki kowa a wurin. In an manta da wannan sharaɗi na biyu, sai ya sake kwasar mutanen da ya sauke ya koma da su cikin gari. A 2014 aka ƙara wani tsari mai suna CargoDist, wanda yake ba kowane fasinja wurin da ya nufa. Idan an kunna shi, fasinja da kansa yake canja jirgi, zuwa da dawowa.

5.0 Abin da Lissafi Yake Nunawa

A wasan, kuɗin fasinja ya dogara ne ga nisan tafiya da kwanakin da aka ɗauka, ba ya kuma shiga aljihun kamfani sai an kai shi ƙarshen tafiyarsa. Ƙaramin jirgi gajeriyar tafiya yake yi, don haka kasonsa kaɗan ne. Ɗalibi mai gaggawa yakan duba littafin kuɗi, ya ce wannan layi asara ne, ya sayar da jiragen. Ba da jimawa ba sai ribar babban layi ta faɗi, domin an toshe magudanar da take cika shi. A nan ne malami zai dakatar da wasa ya tambayi aji: wane jirgi ne ya jawo ribar?

6.0 Dangantaka da Zahiri

Wannan darasi bai tsaya ga allon kwamfuta ba. An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, tashoshinsa na ƙarshe kuwa, Idu da Rigasa, duka a gefen gari suke. Ƙaramin jirgin Abuja, wanda aka ƙaddamar a 2018, ya haɗa Idu da filin jirgin sama da kuma tsakiyar birni. Ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, aka sake buɗe shi a 2024. Ɗalibin da ya taɓa haɗa zango da tasha a wasa zai gane amfanin Idu ba tare da dogon bayani ba. Sai dai wajibi ne malami ya nuna iyakar wasan, domin babu biyan diyyar gonaki a cikinsa, babu kuma ɗaukewar wutar lantarki.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, mun nuna cewa ba a auna ƙaramin jirgin cikin gari da ribarsa shi kaɗai, sai da abin da yake kai wa babban layi. Shawararmu ga abokan aiki ita ce su raba aji biyu a kan taswira ɗaya, kashi guda da ƙaramin jirgi, ɗayan babu, sannan a kwatanta littattafan kuɗinsu bayan shekara 5 ta cikin wasa. Muna fatan jin sakamakon daga gare ku.